Matani Da Sharhi: Yawan Bayanin Da Ya Dace A Bari Cikin Fayilolin Saitin Kwamfuta

Akwai wata muhawara da ta shafe shekaru tana gudana a tsakanin masu ƙera manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, wadda a kallon farko za a ce ba ruwan ɗan kasuwa da ita, alhali kuwa sakamakonta a aljihunsa yake ƙarewa. Muhawarar ita ce: wane irin yawan bayani ya kamata a rubuta a cikin fayilolin saiti da ke zuwa tare da sabuwar manhaja? Wani ɓangare na ganin a cika fayil ɗin da bayani ta yadda duk wanda ya buɗe shi ba sai ya nemi littafi ba. Ɗaya ɓangaren kuwa na ganin a bar shi gajere, ko ma kada a kawo shi sam, bayanin kuma a ajiye shi a wani wuri dabam.

Domin a fahimci abin da ake jayayya a kansa, sai an fara sanin mene ne fayil ɗin saiti. Duk kamfanin da ya kai wani matsayi, ko banki ne, ko asibiti mai zaman kansa, ko dillalin kayan masarufi mai rassa, yana da aƙalla kwamfuta guda da ke yi wa sauran hidima, wadda ma'aikata ke kira saba. Ita ke riƙe lissafi, ita ke karɓar wasiƙu, ita ke raba intanet ga ofisoshi. Kowace manhaja da ke kan wannan kwamfuta, idan za ta fara aiki, tana karanta wani ɗan rubutu da ke gaya mata yadda za ta yi: wa za ta bari ya shigo, ta wace ƙofa, a ina za ta ajiye bayanai, kuma har zuwa wane adadi. Wannan rubutun shi ne fayil ɗin saiti. A tsarin Unix, wanda aka fara ƙerawa a ɗakunan bincike na Bell a Amurka cikin 1969, da kuma Linux da ya bi sawunsa daga 1991, ana tara irin waɗannan fayiloli ne a wata ma'ajiya guda mai suna /etc, kuma rubutu ne na yau da kullum da mutum zai iya buɗewa ya karanta ya gyara.

Layukan da ke cikin fayil ɗin iri biyu ne, kuma duk wanda ya yi karatun littattafai a zaure ya san kwatankwacinsu. Akwai matani, wato umarnin da na'ura ke karantawa ta yi aiki da shi. Akwai kuma sharhi, wato layukan da aka sa wa wata alama a farkonsu, galibi alamar #, domin na'ura ta tsallake su, mutum kaɗai ya karanta. Waɗanda suka yi aiki da MS-DOS a shekarun 1990 za su tuna da CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, inda kalmar REM a farkon layi ke yin wannan aikin. To, kamar yadda ake samun littafin da sharhinsa ya rinjayi mataninsa har sai an lalubo asalin maganar a tsakiyar shafi, haka ake samun fayil ɗin saitin da umarninsa bai taka kara ya karya ba, amma bayaninsa ya kai littafi guda.

Misalin da aka fi bugawa shi ne na Squid, manhajar da ta fito a 1996 wadda ke ajiye kwafin shafukan intanet da aka riga aka buɗe domin kada a sake jawo su daga nesa. A farkon shekarun 2000, lokacin da shagunan intanet a biranen Nijeriya suka dogara da layin tauraron ɗan'adam mai tsadar gaske, da dama daga cikinsu da irin wannan manhaja suke rage kashe kuɗi. Fayil ɗin saitinta, a yadda wasu masu rarraba Linux suka riƙa kawo shi, ya haura layi 7,000, alhali layukan da na'ura ke aiki da su ba su kai 50 ba. Idan aka buga shi a takarda, layi 50 a kowane shafi, ya zama shafi 140. Ma'aikacin da aka kira da daddare domin intanet ta tsaya a ofis, dole ne ya lalubo waɗannan layuka ƙalilan a cikin shafi 140, allura cikin ruwa ke nan. Shi ya sa abu na farko da ƙwararru kan yi idan suka buɗe irin wannan fayil shi ne su ba da umarnin da zai tace sharhin gaba ɗaya ya bar matani kawai, abin da ke nuna cewa waɗanda suka fi amfani da fayil ɗin su ne suka fi gudun bayanin da aka cusa a cikinsa.

Sai dai masu goyon bayan dogon sharhi ba su rasa hujja ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Na farko, bayanin yana nan a daidai wurin da ake bukatarsa. Wanda zai sauya wani saiti yana ganin ma'anarsa da misalinsa a saman layin, ba sai ya bar abin da yake yi ya tafi neman littafi ba. Na biyu, sabon shiga ba ya iya neman abin da bai san da wanzuwarsa ba. Idan ya bi fayil ɗin daga sama zuwa ƙasa, yana gano abubuwan da manhajar ke iya yi waɗanda ba zai taɓa tambaya a kansu ba. Har ila yau, a wurin da layin intanet ke yankewa ko wuta ke ɗaukewa, bayanin da ke cikin kwamfutar kanta ya fi wanda ke wani shafi a ƙetaren teku. Da wannan tunanin ne PHP, harshen da ake gina shafukan intanet masu yawa da shi, yake zuwa da fayil mai kusan layi 2,000, kuma tun 2009 yake kawo samfuri biyu, ɗaya na gwaji, ɗaya na ainihin aiki. Redis, wata manhajar ajiye bayanai, ita ma fayil ɗinta ya kai wannan tsawon, kuma masu amfani da ita da yawa a nan suka koye ta.

To amma hujjar rashin intanet ba ta da ƙarfin da ake zato, domin tun bugun farko na littafin jagoran Unix a 1971 ake da al'adar rubuta wa kowace manhaja shafinta na jagora, kuma waɗannan shafuka suna zaune ne a cikin kwamfutar, ana kiransu da umarni guda. Sashe na 5 na wannan jagora an keɓe shi ne musamman domin bayanin fayiloli irin waɗannan. Saboda haka tambayar ba ta tsaya kan ko za a sami bayani ko ba za a samu ba. Ta tsaya ne kan ko za a ajiye shi a wuri guda, ko a wuri biyu. Kuma kowane ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan aka rubuta lissafi ɗaya a littafi biyu: ba a daɗewa sai sun saɓa.

Yadda saɓanin ke faruwa yana da sauƙin ganewa. Shafin jagora mallakar masu manhaja ne, duk lokacin da aka sabunta manhajar sai a maye gurbinsa da sabo ba tare da an tambayi kowa ba. Fayil ɗin saiti kuwa, daga ranar da ma'aikacin kamfani ya taɓa shi, ya zama mallakar kamfanin, kuma tsarin sabuntawa ba ya share shi da gangan, domin kada a lalata gyare-gyaren da aka yi. Ke nan manhaja tana ci gaba, sharhin da ke cikin fayil ɗin yana tsaye a shekarar da aka girka ta.

Abin da ya faru da OpenSSH ya isa misali. Ita ce manhajar da ake bi a shiga saba daga nesa cikin sirri, kuma kusan babu wata saba ta Linux da ba ta ɗauke da ita. Masu ita sun zaɓi hanyar tsaka-tsaki: fayil ɗinta bai wuce layi ɗari da 'yan kai ba, an jera muhimman saituna tare da matsayinsu na asali, amma an sa wa kowanne alamar # domin ya zama tunatarwa kawai. Ɗaya daga cikin layukan ya shafi ko babban mai iko da kwamfutar zai iya shiga daga nesa da kalmar sirri. Shekara da shekaru matsayin asali shi ne e, zai iya. A watan Agusta na 2015, da fitowar bugu na 7.0, aka sauya: ba zai iya shiga da kalmar sirri ba, sai da mabuɗin sirri na musamman. Sauyin ya yi daidai ta fuskar tsaro. Amma duk kamfanin da ya riƙe tsohon fayil ɗinsa ya sabunta manhajar, ya wayi gari da layin sharhi da ke cewa ƙofa a buɗe take, alhali an rufe ta. Wanda ya dogara da wannan ƙofa kaɗai, kuma sabarsa tana wani gari ko wata ƙasa, zai iya samun kansa a waje, fayil ɗin kuma yana gaya masa babu abin da ya sauya. Sharhin da ya tsufa ya fi rashin sharhi haɗari, saboda wanda bai ga komai ba zai je ya bincika, wanda ya ga rubutu kuwa ya riga ya gamsu.

Akwai kuma wata ɗawainiya da ba a cika lissafa ta ba, ta ranar sabuntawa. A tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993 kuma Ubuntu ya samo asali daga gare shi, idan masu manhaja suka sauya fayil ɗin saiti, shi ma mai kwamfuta ya riga ya sauya nasa, sai aikin ya tsaya a tambayi ma'aikaci: a riƙe tsohon ko a ɗauki sabon? Tsarin ba ya bambanta gyaran umarni da gyaran sharhi. Ko waƙafi aka gyara a cikin bayani, fayil ya sauya ke nan, tambayar za ta zo. A tsarin Red Hat ba a tambaya, sai dai a ajiye sabon fayil a gefe da ƙarin suna .rpmnew, a bar wa ma'aikaci ya kwatanta su idan ya sami sarari, kuma sau da yawa ba ya samu. Gwargwadon tsawon sharhi, gwargwadon yawan irin waɗannan sauye-sauye marasa amfani, gwargwadon kuma yiwuwar sauyi mai muhimmanci guda ɗaya ya ɓuya a cikinsu. Kamfanin da ke da saba ɗaya zai iya jurewa. Bankin da ke da ɗaruruwa yana biyan wannan da albashin ƙwararru.

Waɗanda suka fi tsananta ra'ayin taƙaitawa su ne masu OpenBSD, tsarin da Theo de Raadt ya kafa a 1995 kuma ake gudanar da shi daga Kanada, wanda ya yi suna wajen tsaro, kuma daga cikinsa ne OpenSSH ta fito a 1999. A bugu na 5.6 da ya fito cikin Nuwamba 2014, sun kwashe fayilolin samfuri masu yawa daga /etc suka mayar da su wata ma'ajiya ta misalai. Ma'anar wannan ita ce, idan ba a kunna wata hidima ba, babu fayil ɗinta a wurin. Wanda ke so ya kunna ta sai ya karanta shafin jagora, ya duba misali, ya rubuta nasa layukan. Ribar ita ce duk fayil ɗin da aka gani a ma'ajiyar, an san da hannun mutum aka sa shi kuma da dalili. Amma wannan tsari yana tsayawa ne a kan ƙafa ɗaya, wato ingancin shafukan jagora, kuma masu OpenBSD sun shahara da ɗaukar kuskure a shafin jagora tamkar kuskure a manhajar kanta. Wanda ya kwaikwayi gajeren fayil ɗinsu bai kwaikwayi kulawarsu da jagora ba, ya bar mai saye a duhu ne kawai.

Wasu sun bi hanyar raba gida biyu. A FreeBSD, cikakken jerin saituna da bayaninsu yana zaune a wani fayil da aka ce kada a taɓa, mai kwamfuta kuma yana rubuta abin da ya sauya kaɗai a wani ƙaramin fayil da ke rinjayar na farko. Postfix, manhajar aika wasiƙu da Wietse Venema ya rubuta a kamfanin IBM aka fitar a 1998, tana da saituna ɗaruruwa, amma a Debian ana kawo ta da gajeren fayil wanda layinsa na farko ke nuna inda cikakken samfuri mai sharhi yake, sa'an nan tana da umarnin da ke fito da saitunan da aka rubuta a fayil ɗin kaɗai. Su ma masu Squid daga baya sun raba nasu gida biyu, gajere na aiki da dogo na karatu. Sai kuma systemd, wanda ya fito daga ma'aikatan Red Hat a 2010 kuma yawancin manyan tsare-tsaren Linux suka ɗauka, ya mai da wannan rabo ƙa'ida: abin da masu manhaja suka kawo yana ma'ajiyarsu, abin da mai kwamfuta ya sauya yana /etc, a cikin ƙananan fayiloli da ake ɗorawa a kan na asali. Ta haka sabuntawa ba ta taɓa gyaran kamfani, gyaran kamfani kuma ba ya hana sabon bayani isowa.

Da a ce maganar ta ƙare a nan da an huta, amma tsugune ba ta ƙare ba. Idan saiti ya rarrabu a fayiloli da yawa, sai wata sabuwar tambaya ta taso: wanne ne ke rinjaye? OpenSSH ta sami damar haɗa ƙananan fayiloli a bugu na 8.2 cikin Fabrairu 2020, kuma ƙa'idarta ita ce umarnin da ta fara cin karo da shi shi ne abin bi. Debian da Ubuntu sun sa layin da ke jawo ƙananan fayilolin a can saman babban fayil. Sakamakon haka, ma'aikaci zai iya buɗe babban fayil, ya rubuta cewa an hana shiga da kalmar sirri, ya rufe ya tafi gida da kwanciyar hankali, alhali wani ƙaramin fayil mai layi ɗaya, da manhajar girkawa ta kamfanin hayar saba ta ajiye tun ranar farko, ya riga ya ce an yarda. Wannan tarko ne sananne ga masu hayar saba a intanet. A nan kam layi biyu na sharhi a saman fayil, masu cewa a duba ƙananan fayiloli tukuna domin su ke da rinjaye, sun fi shafi ɗari na bayanin saituna amfani.

Daga nan ake gane irin bayanin da ya cancanci zama a cikin fayil ɗin, wato wanda rashin ganinsa a daidai lokacin gyara zai jawo asara. Gargaɗi cewa wannan layin yana buɗe kwamfutar ga duk duniya ya cancanta. Sanarwa cewa wata manhaja ce ke rubuta wannan fayil kuma za ta share duk gyaran hannu ta cancanta. PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai da kamfanoni da yawa ke riƙe lissafinsu da ita, tana sa ɗan gajeren rubutu a gefen duk saitin da ba zai fara aiki ba sai an kashe ta an sake kunnawa. Kalmomi ne ƙalilan, amma suna gaya wa manaja ko gyaran zai yiwu da rana tsaka ana ciniki, ko sai an jira an tashi. Tarihin saiti, da jerin duk abin da za a iya zaɓa, da dogayen misalai, waɗannan na jagora ne.

Sai dai ko gargaɗin ma yana da iyaka, kuma an koyi wannan da tsada. MongoDB, wata manhajar ajiye bayanai, ta daɗe tana da matsayin asali na sauraron duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ko'ina, ba tare da neman kalmar sirri ba, duk da cewa takardunta sun yi bayanin yadda ake kulle ta. A watan Janairu na 2017 ɓarayin intanet suka bi ma'ajiyoyin da aka bari a buɗe, fiye da 25,000, suna share abin da ke ciki suna barin takardar neman kuɗin fansa. A ƙarshen wannan shekarar, da bugu na 3.6, aka sauya matsayin asali ya zama ba ta sauraron kowa sai kwamfutar da take kai. Haka kuma a ranar 28 ga Fabrairu 2018 aka yi amfani da dubban kwamfutoci masu manhajar Memcached, waɗanda aka bari da wata ƙofa a buɗe, aka yi wa kamfanin GitHub ambaliyar saƙonni da ta kai tirabit 1.35 a daƙiƙa guda, adadin da ba a taɓa bayyana irinsa ba kafin lokacin. Maganin da masu manhajar suka kawo shi ne rufe ƙofar tun daga asali. Redis, duk da gargaɗin da ke cikin dogon fayil ɗinta, sai da ta ƙara wani yanayin kariya a 2016, wanda ke ƙin amsa wa baƙo idan ba a sa kalmar sirri ba. A duka ukun bayani ya wanzu, mutane ne ba su karanta ba, kuma babu wani dalilin zaton za su fara. Mai ƙera kaya da ya san yawancin masu saye ba za su taɓa saitin da ya zo da shi ba, alhakin ingancin wannan saitin yana wuyansa, rubutu a gefe ba ya sauke masa shi.

Idan aka auna lamarin da ma'aunin tattalin arziki, hoton yana fitowa sarai. Rubuta sharhi ɗawainiya ce da masu manhaja ke yi sau ɗaya. Karanta shi, da tsallake shi, da kwatanta shi a ranar sabuntawa, ɗawainiya ce da kowane kamfani ke yi da kansa, a kowace saba, shekara bayan shekara. Amfaninsa kuwa ya fi yawa a makon farko, lokacin da ma'aikaci ke koyo, daga nan yana raguwa kamar darajar injin da ke tsufa, har ya kai ranar da zai koma abin cutarwa saboda ya daina faɗin gaskiya. Kadarar da ribarta ke raguwa kuma kuɗin riƙonta ba ya raguwa, ba a tara ta da yawa. Wannan ne ya sa ra'ayin taƙaitawa ya fi rinjaye a wurin masu kula da kwamfutoci da yawa, dogon sharhi kuma ya fi farin jini a wurin mai kwamfuta ɗaya da ke koyo. Kowannensu yana faɗin gaskiyar abin da yake biya ne.

Masu amfani da Windows za su iya cewa wannan rigimar gidan wasu ce, kuma da ɗan gaskiyarsu. Tun zamanin Windows 95 kamfanin Microsoft ya karkata daga ƙananan fayilolin rubutu zuwa rajista guda da ke tara saituna, wadda ba ta da gurbin sharhi ko kaɗan. Haka ma JSON, salon rubuta bayanai da manhajojin zamani da yawa ke ajiye saitinsu da shi, ƙa'idarsa ba ta yarda da sharhi ba. To, a can an rabu da matsalar tsohon sharhi, amma an rasa wurin rubuta abin da ya fi kowane sharhi daraja, kuma shi ne abin da ya fi shafar ɗan kasuwa a duk wannan magana.

Wannan abu shi ne dalilin gyara. Masu manhaja za su iya bayyana abin da saiti ke yi, amma ba su san me ya sa wani kamfani a Kano ko Legas ya sauya shi ba. A ɗauka wani dillali ya ɗauki injiniya na kwangila, ya buɗe wata ƙofa a saba domin reshen kamfanin da ke wani gari ya riƙa aiko da lissafin yini. Bayan shekara biyu an rufe reshen, injiniyan ya kama aiki a wani wuri, ƙofar tana nan a buɗe. Wanda ya gaje shi ya ga layin, bai san dalilinsa ba, yana tsoron ya rufe wani abu ya tsaya, sai ya bar shi. Da a ce an rubuta layi ɗaya a samansa, mai ɗauke da kwanan wata, da sunan wanda ya ba da izini, da cewa don reshe kaza aka buɗe, da minti ɗaya ya isa a yanke hukunci. Kuma tun da na'ura ba ta karanta sharhi, babu abin da ya hana a rubuta shi da Hausa idan da ita ma'aikatan wurin suka fi fahimtar juna. Yawancin tsare-tsaren yanzu suna karɓar haruffa masu lanƙwasa ba tare da matsala ba. Amma irin wannan layin yana fitowa fili ne kawai a cikin gajeren fayil. A cikin shafi 140 na bayanin masu manhaja, shi ma nutsewa yake yi.

Ga kamfanonin Nijeriya maganar ta wuce batun tsari da tsafta, domin akwai doka. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan fasaha da na gudanarwa don kare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar da ke kula da dokar cikin awa 72 idan an sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Tarar da ta tanadar wa manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Kamfanin da aka tambaya yaushe aka buɗe ƙofar da ɓarayi suka bi, kuma wa ya ba da izini, yana bukatar amsa a rubuce, kuma awa 72 ba ta isa a nemo injiniyan da ya tafi tun bara.

Saboda haka akwai abubuwan da mai kamfani zai iya nema ko da bai taɓa buɗe fayil ɗin saiti ba. Zai iya sa wa a cikin yarjejeniyar kwangila cewa duk gyaran da aka yi a ajiye shi a fayil na dabam, kada a cakuɗa shi da na masu manhaja, kuma kowane gyara ya zo da dalilinsa da ranarsa. Zai iya neman a girka manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen ma'ajiyar /etc, irin su etckeeper, wadda kyauta ce. A ranar miƙa aiki kuma, maimakon ya karɓi kwafin fayilolin kawai, zai iya neman a buga masa saitin da manhajar ke aiki da shi a zahiri, domin da yawa daga cikinsu suna da umarnin da ke fito da wannan bayan sun haɗa dukkan ƙananan fayiloli da matsayin asali. A OpenSSH umarnin shi ne sshd -T, a Samba kuwa, manhajar raba fayiloli tsakanin kwamfutocin ofis, sunansa testparm. Takardar da ta fito daga nan ba ta wuce 'yan shafuka, kusan ba ta ɗauke da sharhi, kuma ita ce ya kamata mai binciken kamfani ya ajiye kusa da ta bara ya kwatanta.